Abin da Injin Honda Ya Koya Mini

A ƙarshen zangon karatu na biyu na faɗi jarrabawar lissafi warwas. Kunya ta rufe ni, har na ƙudura a raina ni da makaranta sai dai labari. Na tafi garejin kawuna, wanda yake gyaran babura, na ce masa na zo koyon sana'a.

Kawu bai yi mini faɗa ba. Ya miƙo mini sifana, ya ce in kwance kan injin wani tsohon babur Honda. Muna cikin aiki sai ya ce, "Kai yaro, ka san masu wannan babur suna ƙera injin motar tsere? Kunyar da suka sha ta fi taka. Je ka bincika, ka dawo ka ba ni labari."

To, 'yan'uwana ɗalibai, ga abin da na samo. Akwai wani tsere da ake kira Formula 1, inda kowace mota kujera ɗaya gare ta, watau direba kaɗai take ɗauka. Kamfanin Honda na ƙasar Japan, wanda Soichiro Honda ɗan maƙeri ya kafa, ya shiga wannan tsere a 1964, shekara ɗaya tak bayan ya fara sayar da motoci. Injinsu na farko silinda 12 gare shi. A 1965 direbansu Richie Ginther ya zo na ɗaya a Meziko. Amma a 1968 wani direba Bafaranshe, Jo Schlesser, ya rasu cikin sabuwar motarsu a garin Rouen, kuma a ƙarshen shekarar suka janye.

Da suka dawo a 1983, inji kawai suke ƙera wa wasu. Nan fa suka yi tashe. Daga 1986 zuwa 1991, shekara shida a jere, ƙungiyar da ta ci kofin duniya da injin Honda ta ci, Williams sau biyu, McLaren sau huɗu. A 1988 kuwa, Ayrton Senna da Alain Prost sun cinye tsere 15 cikin 16.

Sai dai duniya rawar 'yan mata ce. A 2015 Honda ya sake haɗuwa da McLaren, da sabon inji mai haɗa fetur da lantarki. Injin nan ga rashin gudu, ga yawan mutuwa a hanya. A tseren Japan, a filin Suzuka mallakar Honda, direba Fernando Alonso ya faɗa ta rediyo, duniya tana ji, wai injin na ƙananan motocin tsere ne. A ƙarshen 2017 aka raba gari.

Injiniyoyin ba su ajiye sifana ba. Suka bi injin yanki-yanki suna neman inda cutar take. Da abin ya gagara, suka nemi taimakon abokan aikinsu masu ƙera injin jirgin sama. A 2019 Max Verstappen ya ci tseren Ostiriya da injin Honda, a 2021 kuma ya zama zakaran duniya.

Da na kawo wa Kawu labarin, sai ya karɓe sifanarsa, ya ce, "To, je ka kwance takardar jarrabawarka kamar yadda ka kwance babur ɗin nan." Na bi ta tambaya-tambaya. Ashe ba lissafin ne duka ya gagare ni ba, rabawa ce ban iya ba tun daga firamare, ina ta ɓoyewa don kada a yi mini dariya. Na cire girman kai, na roƙi wani ɗan ajinmu, yanzu kullum bayan la'asar yana koya mini.

Jarrabawa ta gaba saura mako uku. Ina roƙon iyayenmu, in yaro ya faɗi, a taya shi neman inda ya maƙale kafin a ɗauki bulala. Allah ya ba mu sa'a baki ɗaya, amin.