"Ba Don Rijiya Ba": Darasin Nahawu Daga Garaken Timia

Bahaushe ya ce da-na-sani ƙeya ce, kullum a baya take. Duk da haka, kowane harshe da na laƙanta ya tanadar wa mai magana hanyar waiwayen ƙeyar nan, wato hanyar faɗin abin da bai auku ba da abin da zai biyo baya in da ya auku. Masana nahawu suna kiran wannan sharaɗi. Cikin ire-irensa akwai wani gajere da nake so mu tsaya a kansa, ni da ƴan'uwana malamai, domin shekarun da na yi ina koyar da Faransanci da Hausa a Timia sun nuna mini cewa amfaninsa ya wuce bakin allo.

Idan Bature mai Ingilishi zai yi cikakken sharaɗi, sai ya ce If there were no well, the garden would die. Amma sau da yawa yakan dunƙule rabin farko na jumlar, ya bar ƴar kalma ɗaya ko biyu tare da suna: Without the well, the garden would die, ko kuma But for the well, the garden would have died. Bafaranshe ma haka yake yi: Sans le puits, le jardin mourrait, ko serait mort. Mu kuwa sai mu ce: ba don rijiya ba, da garka ta mutu. Wanda ya zauna gaban malamin zaure zai tuna da laula ta Larabci, wadda ita ma aikinta ke nan.

Abin lura shi ne rabin farko ba shi da aikatau, saboda haka ba shi da lokaci. A Ingilishi da Faransanci rabi na biyu ne ke ɗauke da shi: would die da mourrait suna magana a kan yau ko gobe, would have died da serait mort suna magana a kan abin da ya wuce. Hausa ba ta sake siffar aikatau don wannan bambanci. "Da garka ta mutu" yana iya zama zancen bana, yana iya zama na shekaru goma baya, sai an ƙara "yanzu" ko "tuni" ko "bara" kafin a tantance. A daidai wannan gaɓa yaranmu suke tuntuɓe.

Yaron Timia yana tashi da Tamajak a bakin uwarsa. Hausa yakan tsince ta a kasuwa, da wajen iyaye maza da suka saba da hanyar kudu. Faransanci yana haɗuwa da shi a firamare, Ingilishi kuma daga shekarar farko ta kwaleji. Abin da aka saba shi ne a rubuta masa ƙa'ida a allo ya haddace: bayan if kaza, bayan would kaza, mu ma na Faransanci muna ta nanata cewa si ba ta shiri da -rais. Yaro ya haddace tsaf, amma ranar da ya tarar da jumla babu if babu si, sai ya kasa gane cewa sharaɗi ne a gabansa. Na sha gwadawa, muddin na ce musu "wannan fa ba don ne", sai in ga fuskoki sun washe. Ma'anar tana cikin kansu tun da daɗewa, siffar aikatau kaɗai ta rage a koya musu.

Wata shekara na sa ƴan ajin jarrabawar BEPC kowa ya rubuto jumla biyar da ke farawa da sans, sa'an nan ya mayar da su Hausa. Da na zauna gyara, sai na ga labarin ƙasa da tarihin garin ne aka tara mini. Mafi yawa da ruwa suka fara, kuma ba mamaki. Timia gari ne a tsakiyar duwatsun Abzin, fiye da kilomita 200 daga Agadas, kuma lemu da rumman da inabi da dabino da ake yi masa kirari da su duk sun dogara ga rijiyoyin da ke gefen ƙoramar. Da raƙumi ko sa ake jan guga, kafin injin ya shigo. Bayan ruwa sai raƙumi. Mutanen Kel Ewey sun daɗe suna haɗa ayari bayan damina, su ƙetare Tenere zuwa Bilma su ɗauko gishiri da dabino, sa'an nan su gangara Damargu da Damagaram har Kano su sayo hatsi. Yaron da ya rubuta "ba don raƙumi ba, da ba mu ci tuwon gero ba" ya taƙaita wannan fatauci duka cikin kalmomi goma sha ɗaya.

Wasu jumlolin sun fi nauyi. Akwai masu maimaita abin da suka ji daga kakanni game da farin 1973 zuwa 1974 da na 1984, wanda Bajamushen nan Gerd Spittler, da ya zauna cikin Kel Ewey, ya yi rubutu a kan yadda suka fuskance shi. Akwai masu ambaton tawayen 1990 zuwa 1995 da na 2007 zuwa 2009, wanda a bayansa ƙafar baƙi masu zuwa kallon magangarar ruwan Timia ta ɗauke. Wata yarinya kuwa, shekaru kaɗan bayan an gano zinariya a Jado a 2014, ga abin da ta rubuta: Sans l'or, mon frère serait encore en classe. Babu kuskure ko ɗaya a jumlar, na kuwa daɗe ina kallonta kafin in sa maki.

Daga nan na fahimci cewa "ba don" fuska biyu gare shi. Wani lokaci godiya ce, mutum yana ambaton abin da ya tallafe shi. Wani lokaci kuma ƙorafi ne, yana ambaton abin da ya tare masa hanya. Malaman addini sun daɗe suna gargaɗi a kan yawan "da a ce", domin yana hana zuciya karɓar abin da Allah Ya hukunta. Amma wanda ya ce "ba don rijiya ba" yana lissafin abin da rayuwarsa ta rataya a kai ne, kuma mai irin wannan lissafi shi ne zai yashe rijiyar kafin ta cike.

Sai dai gajartar jumlar tana da nata haɗari, domin wuri ɗaya tak ta bari, suna ɗaya ke shiga. A bisa tsaunin da ke kallon garin akwai ganuwar soja da ake kira Fort Massu, wadda Faransawa suka gina a farkon shekarun 1950. Wani ɗalibi ya rubuta cewa ba don Faransawa ba, da babu ita. Da na karanta wa aji, sai wani ya ɗaga hannu ya tambaya ko Faransawan ne suka hau da duwatsun a kansu. Haka nan mai cewa "ba don raƙumi ba" ya tsallake matan da ke kiwon awaki cikin duwatsu suna riƙe da gida watanni da yawa, maza suna hanya. Tun daga lokacin, duk wanda ya kawo mini "ba don" guda, sai in ce ya ƙaro biyu a kan magana ɗaya. Da haka yake koyon nahawu, yake kuma koyon tuhumar ɗan siyasa ko ɗan kasuwar da zai zo masa gobe da "ba don ni ba".

Nijar ta fara gwajin koyarwa cikin harsunan gida tun 1973 a Damagaram, kuma a 2025 dokar sake gina ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Doka a takarda ba za ta shiga aji da ƙafarta ba. Shawarata ga ƴan'uwa malamai ita ce na Ingilishi da na Faransanci da na harsunan gida su zauna su jera irin waɗannan jumloli kafaɗa da kafaɗa, har da Tamajak a inda yara ke jinsa, maimakon kowa ya rufe ƙofar ajinsa. Ƙungiyoyin raya al'adu kuma su je wajen tsofaffin madugai da masu garake da matan da suka yi kiwo a shekarun fari, su tambaye su nasu "ba don", su rubuta da bakin mai shi tun suna raye. Daga nan malamai za su sami misalan da za su ɗora a allo.