Sandar But da Abin da Na Koya a Garejin Kawu

Duk wanda ya saba shiga motar haya tsakanin Gumel da Maigatari, musamman ranar Alhamis da kasuwa ke ci, ya san sandar nan da yaran mota ke tokare murfin but da ita idan za a yi lodi. Haka abin yake a tashar Gagarawa da ta Sule Tankarkar. Ido ya saba har ba a ganin aibinsa. Amma murfin nan ƙarfe ne da gilashi, kuma idan buhu ya bugi sandar, kan mai lodi zai faɗa wa.

A hutun ƙarshen shekara, bayan na gama aji biyu na babbar sakandare, Baba ya tura ni garejin ƙanen mahaifiyata a Gumel. A nan na san cewa ba a ƙera motar da sanda ba. A gefe biyu na murfin akwai wasu siraran ƙarafa da makanikai ke kira shokin but, su ne ke ɗaga shi su riƙe. Irinsu ake sa wa motocin yawon shaƙatawa na Turai, waɗanda ake ɗaga rufinsu a kwana a ciki.

Wata rana aka kawo mota ƙirar Golf, direban na ƙorafi cewa murfin ya sauko wa yaronsa a kafaɗa. Kawu ya ciro shoki ɗaya ya miƙo mini, ya ce, "Ɗana, ku da kuke boko, me ke cikin wannan?"

Na ce, "Kawu, ina jin sifirin ne."

Ya yi dariya ya ce iska ce. Da na koma littafin Fiziks, sai maganar ta fito fili. A cikin bututun akwai iskar naiturojin da aka matse ƙwarai, da ɗan mai, da roba mai hana iskar fita. Matsin iskar ke turo siririn ƙarfen waje, shi kuma ya tura murfin sama. Lissafin da muke haddacewa ne: ƙarfi shi ne matsi sau faɗin wuri. A jikin shokin akan rubuta lamba da harafin N, wato Newton. Idan an rubuta 450N, yana iya tura nauyin kusan kilo 46.

Abin da ke kashe shi a ƙasarmu ƙura ce da yashi. Suna manne wa ƙarfen, su goge robar, iskar ta riƙa zurarewa kaɗan-kaɗan. Sanyi ma na rage masa ƙarfi, domin duk saukar digiri 10 na rage matsin da kusan kashi 3 cikin 100. Shi ya sa murfin da ke tsayawa da bazara yake saukowa da asubar hunturu.

Gyaran bai kai minti ashirin ba. Na riƙe murfin da hannu biyu, Kawu ya sa bakin sukundireba ya ɗaga ɗan ƙarfen da ke riƙe kan shokin, ya zare shi, ya danna sabo har ya ce ƙas. Ya sauya duka biyun, don tsoho na barin wa sabo nauyin. Ya sa su yadda siririn ƙarfen zai kalli ƙasa idan an rufe, saboda man ya riƙa jiƙa robar. Ya kuma gargaɗe ni: ba a yanka tsohon shoki, ba a jefa shi wuta, don yana iya fashewa.

Da yawanmu muna raina aikin gareji, wai na wanda ya kasa karatu ne. Ni dai na ga Kawu ya san aikin da hannu, littafi kuma ya san dalili. Wanda ya haɗa biyun ya fi kowa. 'Yan uwana ɗalibai, idan hutu ya zo, a nemi mai sana'a a zauna kusa da shi, a kuma tafi da tambaya.