Kwabon Chigurh da Hujjar Azzalumi

Littattafan Turawa na bin sawun masu laifi kusan hanya ɗaya suke bi: a yi ɓarna, jami'i ya bi diddigi, ya damƙe mai laifi, mai karatu ya rufe littafi hankali kwance. No Country for Old Men na Cormac McCarthy, wanda ya fito a 2005, ya hana ni wannan kwanciyar hankali, kuma a nan nake ganin girmansa.

Labarin ya faru a 1980, a busasshen dajin yammacin Teksas, daf da iyakar Meziko. Llewelyn Moss, mai walda kuma tsohon sojan yaƙin Biyetnam, ya fita farauta sai ya ci karo da gawarwakin dillalan miyagun ƙwayoyi da ciniki ya ɓaci tsakaninsu, ga kuma jaka ɗauke da fiye da dala miliyan 2. Ya ɗauke. Cikin dare ya kasa barci saboda wani da ya baro da sauran numfashi yana roƙon ruwa, ya cika jarka ya koma. Komawar nan ce ta tona masa asiri. Wasu kan ce alherinsa ne ya ja masa. Ban yarda ba. Tun da ya kai hannu kan jakar nan ya jefa kansa da matarsa Carla Jean cikin masifa, domin kuɗin da jini ke kansa, mai shi yana nan tafe.

Wanda ya biyo shi, Anton Chigurh, shi ne ya fi tsaya mini a rai. Yana yawo da tukunyar iska da ƙarfen da ake huda kan shanu da shi a mayanka. Amma makaminsa mafi muni kwabo ne. Ya tsaya a wani gidan mai, ya cilla kwabo sama, ya tilasta wa mai wurin ya zaɓi fuska ɗaya, bawan Allah bai ma san ransa ake cacar ba. Ya ci, ya tsira. Da ya cilla wa Carla Jean, ita ba ta ci ba. Shi kuwa Chigurh yana ganin hannunsa a wanke yake, wai ƙaddara ce ta yanke.

Na tsufa ina ganin irin wannan hujja a bakin mutanen da ba su taɓa riƙe bindiga ba. Mutum zai cinye gadon marayu, ko ya kori mai aikinsa babu haƙƙi, in an yi magana ya ce haka aka rubuta. Imani da ƙaddara gaskiya ne, kuma shi ke sanyaya zuciyar wanda aka cuta. Amma idan mai cutar ne ya ɗauke shi ya yi garkuwa, ya ƙara laifi a kan laifi. Kwabo ba ya cilla kansa.

Dattijon labarin, Ed Tom Bell, shugaban 'yan sandan gundumar, kullum a makare yake isowa. Bai ceci Moss ba, bai kama Chigurh ba, ƙarshe ya ajiye aiki. Na tausaya masa ƙwarai, don na san nauyin ganin ɓarnar da ta fi ƙarfinka. Matasa za su ji daɗin gudu da harbe-harben da ke cikin littafin, amma shawarata su sake karanta shi bayan sun haura hamsin.