Ido Ba Mudu Ba Ne

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Ni dai tun da aka aike ni gwajin koyarwa a Lamorde, cikin Mubi, rabin farko na wannan karin magana ya fi kama ni. Gama kullum nakan ga motoci suna jan tirela cike da buhunan hatsi, wasu su nufi Hong da Gombi, wasu Sahuda a bakin iyakar Kamaru, ba kuwa wanda ya auna kome. Hanyar da suke bi, ita ce yaranmu suke ƙetarewa su zo makaranta.

Tirela mai taya 2 tana da nauyi iri biyu. Akwai nauyinta duka, watau ita da kayanta, akwai kuma wanda wuyanta yake ɗora wa ƙugiyar mota. Masana sun daidaita a kan cewa na biyun ya zama kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na na farkon. In ya gaza haka, tirela takan riƙa kaɗa wutsiya har ta kā da motar. In ya zarce, bayan motar ya dushe, gabanta ya ɗaga, sitiyari ya ƙi jin magana. Haka yake ga keken shanu: kayan da aka tara gaba, wuyan sa ne yake biyansu.

Na ga ya kamata 'yan ajina su gani da idonsu. Wani manomi ya ba mu aron tirelarsa, mai kilo 300, da buhu 7 na masara, kowane kilo 100, jimla kilo 1,000. Muka sami katako mai ƙwari, muka ɗora bakinsa ɗaya bisa tubali, ɗaya bisa sikeli, ƙafa 3 tsakaninsu. Sa'an nan muka sauke wuyan tirela a kan katakon, ƙafa 1 daga tubali, ƙafa 2 daga sikeli. A haka sulusin nauyin kaɗai sikeli yake ɗauka. Ya nuna kilo 40, yara suka riɓa sau 3, suka sami 120, watau kashi 12 cikin 100. Da muka mai da buhu 2 can baya, wuyan ya yi sakayau har yaro guda ya ɗaga shi.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Arkimidis, mutumin Sirakus a tsibirin Sisili, wanda ya mutu a shekara ta 212 kafin haihuwar Almasihu, shi ya bayyana ƙa'idarta.

To, 'yan'uwana malaman gobe, kada mu bar lissafi ya ƙare a bakin allo. A cikin yaran da muke koya wa akwai direbobi da manoma na nan gaba. Wanda ya iya wannan ɗan awo tun yana ƙarami, lalle wata rana zai tsirar da ransa da na waɗansu.