Ranar da Inna Ta Gyara Mini Karatu

Na kai shekara talatin da biyar ban san baƙi ba, ina lebura a wata gona a Samaru. Sa'ad da na gama ajin yaƙi da jahilci, ranar da albashi ya fito sai na hau keke har Sabon Gari, na sayi littafin Imfiraji na Malam Aliyu Namangi. Na dawo ina jin kaina kamar wani shaihin malami.

Bayan sallar isha'i na kunna fitila, na tara mutanen gida, na ce yau za su ji karatu. Na soma ina tuntuɓe, ina yanka baiti inda ba gaɓa. Ban kai baiti na uku ba sai Inna, wadda ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, ta ce, "Ɗan nan, ba haka ake yi ba." Ta karɓe, ta rera da muryarta, ta yi ta zubo baitoci ina bi da yatsa a takarda. Kunya ta kama ni. Na ce, "Inna, ina kika koya?" Ta ce wurin makafin da ke rerawa ƙofa ƙofa tun tana budurwa.

To, jama'a, ku duba wannan al'amari. Shi Malam Aliyu, mutumin ƙasar Zazzau ne, makaho tun yana yaro. Bai taɓa ganin takardar da aka buga waƙarsa a kai ba. Duk da haka yabon Annabi da wa'azin da ya tsara sun game ƙasar Hausa, har Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a nan Samaru a 1962, ta ba shi digirin girmamawa. Ya rasu a 1990, Allah ya ji ƙansa.

Amma kada wani ya ce ashe takarda ba ta da amfani. A nan Zariya aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta. A nan kuma hukumar NORLA ta yi ta buga littattafai a shekarun 1950 domin irinmu masu koyon karatu da girma. Da ba don ɗab'i ba, da waƙoƙin su Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja sun yi wuyar samu yau.

Abin da ke ci mini rai shi ne, Inna ta san waɗansu waƙoƙin wa'azi da ban taɓa gani a littafi ba. Kullum ina cewa gobe zan rubuta. Ta rasu ban rubuta ko ɗaya ba, sai guntaye da nake tunawa.

Saboda haka, ɗan'uwa, kai da ka sami takardar shaidar karatu, kada ka adana ta a akwati ka zauna. Karanta waƙa a bayyane gaban tsofaffin gidanku, ka yarda su gyara maka. In sun kawo wadda babu a littafi, ɗauko fensir a daren nan. Da tsohuwar igiya ake saƙa sabuwa. Allah ya sa mu dace, amin.