Kisan da Ake Yi Don a Gani: Anka, Bukkuyum da Gummi

Daga Mayanci, inda ake barin titin Gusau zuwa Sakkwato a miƙi hanyar Anka, hira ta mutu a motarmu. Direba ya kashe rediyo, idonsa na kan daji. Ba wanda ya ce a yi addu'a, amma leɓen kowa na motsi.

A Anka, garin Sarkin Zamfara, na fara da wajen 'yan gudun hijira, galibinsu mata da yara. A farkon Janairun 2022 'yan bindiga sun yi kwanaki suna bin ƙauyukan Anka da Bukkuyum da harbi da ƙone-ƙone. Gwamnati ta ce mutum 58 aka kashe, mutanen yankin suka ce sun kai 200. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ake kisan. A tara mutanen gari, a fito da mutum ɗaya ko biyu, a harbe su kowa na kallo, sannan a yanka harajin da za a biya kafin a bari a yi girbi. Wata dattijuwa ce ta ba ni labarin tana tankaɗe garin masara, ba ta ko ɗago kai ba. Jikanta na gefe, ya saɓa karan dawa a kafaɗa, yana auna 'yan'uwansa da shi.

Tsohuwar dabara ce, kuma Rumawan dā sun ƙware a kanta. A shekara ta 71 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), bayan murƙushe tawayen bayi na Spartacus, janar ɗin Rumawa Crassus ya sa aka gicciye fursunoni 6,000 a gefen hanyar Appia, tun daga Capua har Rum, don duk matafiyi ya gani. A shekara ta 80 miladiyya Sarki Titus ya buɗe Kolosiyam, filin da ke cin kusan mutum 50,000, inda ake kashe waɗanda aka yanke wa hukunci da tsakar rana, jama'a na shewa. Masanin falsafa Seneca, wanda ya halarci irin wannan kallo tun ba a gina filin ba, ya rubuta cewa shiga taron yana ƙara wa mutum bushewar zuciya. Na yarda da shi, don na ga alamar hakan a idon yaran Anka.

A Bukkuyum har yanzu ana maganar Ruwan Jema, inda a Satumban 2022 aka buɗe wa masallata wuta ranar Juma'a. Maharan sun san ranar da gari ke haɗuwa wuri ɗaya, ita suka zaɓa. Sai dai gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta: 'yan sa-kai ma sun sha kama Fulani ranar kasuwa su kashe a bainar jama'a, ba alƙali ba shaida. Ɗan da ya ga an yi wa ubansa haka, daji yake shiga.

Na wuce Ɗaki Takwas na isa Gummi. A teburin mai shayi samari sun haɗa kai a kan waya ɗaya mai fasasshen gilashi, suna kallon bidiyon da 'yan bindiga suka ɗauka da kansu suka watsa. Mutumin Rum na dā sai ya taka zuwa fili kafin ya ga kisa. Mu har cikin ɗaki ake kawo mana, kuma da kuɗinmu muke sayen datar.

Mutanen Gummi da na zanta da su sun yi murna da Askarawan Zamfara, rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a Janairun 2024. Dattawa dai roƙonsu ɗaya ne: duk wanda aka kama a miƙa shi ga hukuma a kai shi kotu, kada a ja shi tsakar kasuwa a gaban yara.