Tsohon daro bai mutu ba

Duk wanda ya shiga tsofaffin sorayen unguwar Birni a Damagaram, garin da ya riƙe matsayin babban birnin Nijar har 1926, in ya ɗaga kai zai ga dabarar maginan da. A tsakar rufi, inda bakan gizo ya haɗu, sukan liƙa tasa ko faranti mai zane, ya riƙa maido da hasken fitila da dare. Mata su ma ba a bar su baya ba. Jeren amarya, tun yana na ƙorai da fayafayi har ya koma na kwanuka, shi ne adon ɗakinta, shi ne kuma asusunta ranar da hatsi ya ƙare a rumbu.

Kwanukan nan sun yawaita a ƙasar Hausa bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fatake suna ɗauko su zuwa Damagaram da Maraɗi. Ƙarfe ne aka lulluɓe da ruwan gilashi, aka gasa. Shi ya sa ba ya koɗewa, amma in ya faɗi ya ɓantare, tsatsa ta samu ƙofa.

Akwai wata tsohuwa a wani ƙauye kusa da Mirriya mai irin wannan daro, fari da jan fure. Da shi aka kai ta gidan miji, a cikinsa ta yi wa ƴaƴanta bakwai wankan jego. Da ya huje, aka sayo na roba, shi kuwa aka yar da shi bayan makewayi tare da wata tsohuwar buta. Ran nan masu sayen tsohon ƙarfe suka shigo gari, jikanta ya kinkimo daron zai kai musu.

Ta ce: «Maigidana, ina za ka da shi?»

Ya ce: «Kaka, dala ashirin za su ba ni.»

Ta ce: «Ubanka a cikinsa ya fara ganin ruwa. Aje min kayana.»

Amma yaron yana da tasa gaskiya. Daron da aka yar ba ya zama banza kawai, cuta yake zama. Da damina ruwa na kwanciya cikinsa, kuma kwana goma sun ishi ƙwan sauro ya zama sauro mai cizo. Tsohuwa ta san zazzaɓi, ta san abin da ya taɓa ɗauke mata. Ba ta son sayarwa, ba ta kuma son ta yi kiwon sauro.

Sai ta kira maginin gari lokacin da ake yaɓen ɗakinta bayan kaka. Aka dirje daron da toka da soso, aka shanya ya bushe ƙarau. Magini ya ƙwaƙule bango daidai faɗin gindinsa, ya cika da ɗanyar ƙasa mai ramno, ya danna shi ciki, furen na kallon ƙofa. Ya zagaye bakinsa da yaɓe don kada kunama ko kyankyaso su samu maɓoya. Murafun langa guda huɗu da suka rasa uwayensu suka zauna kewaye da shi. Ladan aikin bai wuce tiyar hatsi ba.

Jama'a, kafin ruwan farko ya sauka, kowa ya zaga bayan gidansa. Kwanon da ya ɓantare har ya yi tsatsa, a daina zuba fura cikinsa. Wanda ke da sauran kyau, a wanke a sa bangon cikin ɗaki, inda ruwa ba ya taɓa shi. Wanda ya gama lalacewa, a kife shi ko a kai wa maƙera. Ɗaki ya samu ado, yara su samu barci.